Ranar da Lif Ta Ƙi Malam Tanimu

Tun da aka kafa dokar, ba magini mai hawa sama sai ya ɗora tafinsa a ƙofar lif, na'urar hawa bene. In hannu na rawa, ba ta buɗewa.

Yau ta ƙi Malam Tanimu, bayan shekara arba'in yana gini. Ya goge hannun a riga, ya sake ɗorawa. Shiru.

"Sanyin safiya ne, Baba," in ji 'yarsa Rakiya, wadda ita ma maginiya ce.

"Ba sanyi ba ne." Ya miƙa mata cokalin gininsa. "Bangon gabas, kar ki yi gaggawa."

Ya zauna a bencin waɗanda ƙofar ta ƙi, wanda bana aka ƙara wa tsawo. Can daga hawa na huɗu ya jiyo ƙwanƙwasar cokali sau uku a kan bulo, irin tasa.

"Bulon ya zauna daidai," ya ce wa na kusa da shi. "'Yata ce."