Shekara Huɗu da Hana Raga

"Kai tsoho, ajiye shayin nan, zo gada ka gani!" in ji matarsa.

Shekara huɗu ke nan da hukuma ta hana masuntan ƙauyensu na Ireland kafa raga a bakin kogi. Tsohon, wanda shi ma masunci ne, babu wanda bai zaga ba. Ya rantse karnukan teku, dabbobin ruwa masu cin kifi, su ne suka ƙarar da kifin salmon, ba ragarsa ba.

Ya bi ta zuwa gadar, ya leƙa. Ruwan ya yi baƙi da kifi, suna tsalle suna haura kogi. Rabonsa da ganin haka tun ubansa na raye.

"Yau kuma bakin ya mutu?" ta ce.

Ya dafe ƙarfen gadar.

"Shekara arba'in ina tare musu hanya. Ashe ni ne."