Dutsen da ya durƙusa a Kalakla

Rubuta yadda na faɗa, jikata, kada ki gyara mini.

Babana mai haƙar rijiya ne. Wata la'asar, ina ƙarama, na kai masa kisira, gurasarmu ta dawa, inda yake haƙa a unguwar Kalakla. Da ya fito daga ramin sai ya sa mini curin laka a hannu, baƙa, mai sanyi, da ƙananan bawon katantanwa a ciki. Har yau ina jin ƙanshinta, irin na sabuwar randa.

Na ce, "Baba, ina jan dutsen da kake sara a Umdurman?"

Ya ce, "Yana can ƙasa, uwata. Dutse ɗaya ne. A Umdurman yana tsaye, a nan kuwa ya durƙusa kamar raƙumi, kogi yana ta ɗora masa laka tun kafin a yi mutane."

Na tsorata. "To gidanmu ma zai nutse?"

Ya yi dariya. "Matsoraciya! A hankali ƙasar nan take sauka, kuma ba ta ɓata abin da aka ba ta. Dubi katantanwar nan, ko tsagewa ba ta yi ba."

A yaƙin nan muka binne mijina a tsakar gidanmu na Kalakla, muka gudo unguwar Alsawra a Umdurman. Jiya ɗana ya je ya tarar kabarin ya lotsa, yana so a tono shi a kai maƙabarta. Na yi kuka, har yanzu ina yi. Amma na ce a bar Malam inda yake. Na san riƙon ƙasar nan.