Ranar da Mai Goro Ya Daina Cewa Ɗan Wuta

Kai da ka ce daga yau ka daina tsokanar amininka, za ka koma gaishe shi kamar surukinka, matso in ba ka misali kafin ka yi ɓarna.

An yi wani Bakano mai sayar da goro a bakin wata tasha. Daura da shi akwai wani Bazazzagi mai gyaran keke. Ka dai san Kanawa da Zage-zagi, abokan wasa ne tun kaka da kakanni. To su waɗannan, shekara ashirin da 'yan kai ba su taɓa yi wa juna ina kwana irin ta mutane ba. Da safe mai goro zai sauke faifansa ya leƙa ya ce, "Ɗan wuta, ashe ka kwana?" Mai keke, kansa a sunkuye kan sarƙa, sai ya ce, "Na kwana, kai nake jira mu tafi, ai kai ka san hanya." In rana ta take, mai goro ya ce wannan zafin somin-taɓi ne ake nuna wa Zage-zagi. Mai keke ya ce Bakanon da ke ɓoye goro mai tsutsa a ƙasan faifai, shi kam wuta salamu alaikum. Daga nan a fasa goro ɗaya a raba biyu. Ranar da zazzaɓi ya kayar da mai goro, wannan ɗan wutan ne ya goya shi a keke har asibiti, yana tuƙi yana haki yana cewa kada ya kuskura ya mutu yanzu, ba a gama share masa ɗaki a can ba.

Wata Juma'a mai goro ya ji wa'azi. Malam ya ce 'yan wuta da 'yan aljanna Allah kaɗai ya san su, kuma harshe ne ke kifar da mutane a cikinta. Gaskiya malam ya faɗa.  Mai goro ya ce a ransa, yau shekara nawa yana jefa masoyinsa a wuta kowace safiya, in wata rana aka ce amin fa? Don ƙauna ya yanke ya daina. Sai dai bai faɗi dalili ba, wai kada Bazazzagi ya yi masa dariya ya ce Kano ta sallama. Washegari ya sauke faifai ya ce, "Barka da asuba, Malam, an tashi lafiya?" Mai keke ya ɗago kai yana jiran ƙarashen maganar, shiru. A wajensu abokin wasa ba ya girmama ka sai ya yi fushi da kai. Mai keke ya jefa tsokana sau biyu, sau uku, amsar dai ita ce, "Allah ya kiyaye, Malam." Sai shi ma ya ja bakinsa, ya daina miƙa hannu cikin faifai. Bayan damina ya tattara kayan aikinsa ya koma Zariya. Sallama suka yi ta mutunci, hannu bibbiyu, kamar jiya suka haɗu.

Nan mai goro ya san an bar shi. Zai fasa goro, ya tsinci kansa riƙe da ɓari ɗaya ba mai karɓa. Inda baƙin man gyaran keke ya jiƙa ƙasa yana nan, ko ruwan sama bai wanke shi ba. Duk tashar daga mai ce masa Alhaji sai mai ce masa Baba, ba ko mutum ɗaya da zai zage shi ya ji daɗi. Da shekara ta zagayo ya kasa daurewa, ya ƙulle fararen goro a ganye ya hau motar Zariya. A hanya yana ta shirya yadda zai yi: zai faɗi kalmar nan, ɗan wuta, sau ɗaya tak daga bakin ƙofa, su yi dariya, sannan ya yi bayani. Da ya isa sai ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana sadakar bakwai. Matar marigayin ta yi masa magana ta bayan labule. "Kai ne Bakanon? Har ya cika yana cewa bai san abin da ya yi maka ba da ka koma ce masa Malam. Ya ce in ka zo a roƙe ka gafara."

Mai goro ya zauna a zaure. Kalmar da ya ɗauko tun daga Kano yanzu ba ta faɗuwa, kuma ba mai mayar masa da ita. "Allah ya sa aljanna ce makomarsa," abin da ya iya cewa ke nan. Jama'a suka ce amin. Ya kwance ganye ya fasa goro ɗaya, ya dubi ɓarin da ke hannunsa na hagu, sai hawaye.

Don haka in za ka gyara bakinka, gyara, amma je ka faɗa wa amininka dalili tun yana jinka. Hausawa sun ce ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa.