Jan Shafin da Ya Dami Baba

Likita ya juya kwalbar maganin zuciyar Baba a hannunsa, ya ce, "Wannan garin alli ne. A ina ya saya?"

A intanet ya saya. Wata uku da suka wuce ya kira ni ina wurin aiki. "Ke, burauzar nan ta ishe ni. Da na taɓa shafin masu magani sai ta nuna jan shafi, wai akwai haɗari."

Ina sauri, na ce ya sauke wata. Sabuwar ba ta tare hanya, ɗan rubutun gargaɗi kawai take sawa a kusurwa, wanda idonsa ba ya gani. Har albarka ya sa mini.

Bayan an kai shi makwancinsa na buɗe tsohuwar burauzar a wayarsa. Jan shafin yana nan, yana cewa a koma baya.