Ragowar Kafso

Da tsakar rana, ana zafi kamar kai zai fashe, mahauci ya shaƙe wuyan mai kemis ya buga shi da kantar shagon.

"Maganin jabu ka ba ni! Ƙafar 'yata ta sake kumbura, sai mugunya!"

Ya ƙara masa naushi a baki. Garin kokawa, ledar magani ta faɗo daga aljihun mahaucin, kafso goma ba a taɓa ba.

Mai kemis ya kalli ledar. "Malam, ba kwana bakwai na ce ta sha ba?"

Mahauci ya sake shi. "Ai ta samu sauƙi tun a kwana na biyu. Na ajiye sauran ne saboda gaba."

Mai kemis ya tofar da jini, ya ta da babur.

"Hau mu ɗauko ta, asibiti za mu."

Mahauci ya hau bayansa.