Gayyar da Ba a Kira Makaɗi Ba

Kai da aka ɗora wa nauyin duba ko horon shugabancin da ake ba matasa ya kama, ajiye gaggawa ka ji wannan.

A wani ƙauye na gindin duwatsu, inda wata ƴar ƙaramar ƙabila ke zaune tun kaka da kakanni, an yi wani sarkin noma da tsufa ya fara rinjaya. Damuwarsa guda ce: samari na ta kwarara birni, yana tsoron kada ranar da aka binne shi a binne gayya tare da shi. Sai ya tara matasan da suka rage, maza da mata, ya shiga koya musu jan ragamar gayya: yadda ake raba wa manoma kunya-kunyar gona, yadda ake kwaɓar mai zafin kai ba tare da an tozarta shi ba, da dalilin da ya sa shugaba ke shan fura a ƙarshe. Da damina ta kankama, dattawa suka ce a gwada yaran a gonar wani mai hali. Aka yanka akuya, aka dama fura, makaɗa suka cika wuri. Ai kuwa samari suka far wa ciyawa kamar ta zagi iyayensu, musamman wani dogo mai son kirari, wanda da an ambaci sunansa a ganga sai ka rantse fartanyar ce ke jan sa. Dattawa suka yi ta sa albarka, suka ce horo ya kama. Tsoho ya yi murmushi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Wa zai ƙi noma ga nama na tafasa, ga ƴan mata na rangaɗa guɗa? Dogon nan kuwa, a ganinsa, ganga kawai yake yi wa bauta.

Ana haka sai kurkunu ya fito wa tsoho a ƙafa, ya kwantar da shi. Daga ƙofar ɗakinsa yana hango gonar wata tsohuwa maginiyar tukwane, wadda ɗanta ɗaya ya tafi ci-rani bai dawo ba. Ciyawar harkiya ta shaƙe mata gero har ya fara yin ja. A al'adarsu mai gona ne ke kiran gayya, shi ke ciyarwa, shi ke sallamar makaɗi, ita kuwa ko goron gayyata ba ta da shi. Da yana da lafiya, kalma ɗaya zai yi a gama. Sau da yawa ya buɗe baki zai aika a kira yaran, sai ya haɗiye, domin in shi ya aika, har ya mutu ba zai san ko sun koyi wani abu ba. Amma shirun ya yi masa tsada, don abincin shekarar baiwar Allah ne yake kallo yana lalacewa. Ya rame, ya zama mai faɗa, ya yi ta zargin kansa da mugunta. Ranar da ya yanke shawarar ya haƙura da gwajin ya aika, da hantsi ya ɗaga kai, sai ya ga gonar ta cika da mutane, ba ganga, ba guɗa.

Ya sa aka ɗora shi kan jaki aka kai shi gonar. Yaransa ne, amma ba duka suka zo ba, gaskiya, wasu gwanayen ranar akuya ko ƙeyarsu bai gani ba. Amma wa zai tarar yana raba kunya? Dogon nan mai son kirari! Ya sa masu rauni a tsakiya, ƙarfafa a gefe da gefe, don kada a bar kowa a baya ya ji kunya. Wannan dabara tsoho bai taɓa koya musu ita ba. Kowa ya zo da ƙullin abincinsa daga gida, har da rabon mai gona. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, ka yafe mana, mun ga kana fama da ƙafa, shi ya sa ba mu dame ka ba.” Tsoho ya ji ɗan zafin cewa ba a neme shi ba, sai kuma daɗi ya rufe zafin, hawaye suka zubo masa. Ya koma gida ya ci tuwo har da neman ƙari.

To, ka ji. Ranar biki kowane horo kyakkyawa ne. Ka jira ranar da babu makaɗi, babu mai kallo, malamin ma yana kwance, sannan ka je ka ga wa ya fito da fartanya. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.