Jakar Baba

Wata bakwai ke nan Injiniya yana fita da safe cikin riga mai guga, rataye da tsohuwar jakar ofis ta mahaifinsa. Tun ranar da ya karɓo digiri gida ya laƙaba masa sunan, har ƙannensa sun manta na yanka.

Ofis kuwa babu. Takalmi biyu ya kashe wajen neman aiki, kafin wani mai walda ya karɓe shi koyo. Kullum a bayan shagon yake tuɓe rigar ya ninke, ya zura ta aiki mai hujin tartsatsi. Abin takaicin, aikin ya shiga ransa. Amma da wane baki zai faɗa wa Baba, mutumin da ya yi shekara talatin yana zuwa kamfani tsaf-tsaf, har karatun takardu ya cinye masa ido ya koma sa baƙin tabarau?

Sau ɗaya asiri ya so tonuwa. Hasken walda ya kama shi, ya tashi idanu jajir kamar an zuba masa yashi. Ya ce kwamfuta ce.

Inna ta ce, "Wannan ofis zai kashe min ɗa!"

Baba ya ce a sauke labule, a ɗora masa tsumma mai sanyi. "Kada ya murza. Gobe war haka ya warke." Haka kuwa aka yi.

Ranar Laraba da hantsi yana durƙushe a shagon gaban wata ƙofar ƙarfe, sai ya ji sallamar da ko a mafarki ya san mai ita. Ga Baba tsaye, riƙe da kujerar ƙarfen da yake zama a kai, ƙafarta ɗaya a karye. Maigidan shagon ya fita sayen kaya. Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya yi maza ya sauke hular walda, ta rufe masa fuska ruf.

"Samari, a taimaka wa tsoho."

Ya gyaɗa kai kawai, don ya san in ya yi magana kashinsa ya bushe. Ya jawo kujerar, ya maƙala sandar walda. Kafin ya taɓa ƙarfen, Baba ya riga ya juya baya.

Injiniya na taɓa ƙarfen, sandar ta manne. Ya fizge, ta sake mannewa. Gumi ya cika hular. Kunya biyu ta haɗe masa, ta ƙaryar da ya yi da ta aikin da yake shirin ɓatawa a gaban uba. Ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Wutarka ta yi ƙasa," in ji Baba, bai ko waiwayo ba. "Ƙarar ma ba ta yi ba. Ƙara mata kaɗan."

Ya ƙara, amma layin waldar ya ƙi miƙewa.

Baba ya juyo, ya naɗe hannun riga. Ƙananan tabban hannunsa, waɗanda tun Injiniya yana yaro aka ce masa na ƙyanda ne, suka bayyana.

"Miƙo hular."

Babu wurin gudu. Injiniya ya cire ta a hankali, kansa a ƙasa, yana jiran salati. Baba ya kifa hular, ya durƙusa, ya ja layi ɗaya santal, irin wanda ko maigidan shagon bai taɓa ja ba.

Ya ɗago, ya dubi jakar da ke rataye a ƙusa, sannan ya dubi ɗansa.

"Ka riƙa ajiye rigar aikin a aljihun ciki na jakar, ba ta ɓata ta gugar. Shekara talatin nan nake ɓoye tawa, don kada ka ji kunyata a makaranta."